Wa Ke Tambayar Maigida Yadda Ya Kwana?

Bayan sallar isha'i a Zugurma, kamar a sauran garuruwan ƙasar Kontagora, maza ba sa saurin shiga gida. Wasu na kan benci a teburin mai shayi, wasu sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wani dattijo, wasu kuma sun jingina da baburansu a bakin titin da ya taso daga Mokwa ya nufi New Bussa. Hira ake yi, mai daɗi kuwa. A taɓa farashin buhun taki, a koma kan yadda 'yan sari ke taya doya da masara, a yi gardamar siyasa, samari su jefo ta ƙwallo. In zancen tsaro ya shigo, sai muryoyi su yi ƙasa.

Cikin masu zaman nan akwai wanda matarsa ke da cikin wata takwas, ƙafafunta da fuskarta sun kumbura, bai san ko abin tsoro ba ne. Akwai wanda ɗansa mai shekara goma sha shida ya fara kwana a waje, idanunsa sun canja. Akwai wanda ya ci bashin taki da alkawarin biya da kaka, kakar ta zo ba ta cika ba, barci ba ya ɗaukarsa sai gab da asuba. Duk an gaisa da su. An ce, "Ya iyali?" Sun ce, "Lafiya lau." An ce, "Ya ƙoƙari?" Sun ce, "Sai godiya." Daga nan aka wuce.

Haka muka gaji majalisar maza: ana tattauna komai na duniya a cikinta, ban da abin da ke cin mutum a rai. Amma a wasu sassan ƙasar Hausa, da ma nesa da ita, an gwada wani abu mai sauƙi. An tara magidanta goma ko goma sha biyu suna zama a kan kari, suna magana kan aikin zama uba, kowa na ƙaruwa da ɗan'uwansa. Abin da aka gani ya isa gari irin Zugurma ya tsaya ya duba.

Kayan da ke kan maigida

Zugurma tana cikin Ƙaramar Hukumar Mashegu ta Jihar Neja. Tsohon gari ne, kuma sunansa ne ɓangare ɗaya na Gandun Dajin Tafkin Kainji ke ɗauke da shi, gandun da aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 bayan an haɗe dajin Borgu da na Zugurma. Ƙasa ce ta noma, ga doya, ga masara da dawa, ga kaɗanya da mata ke tsinta da damina. Albarkar ƙasar ce ta jawo manoma daga can arewa suka zo suka zauna tare da waɗanda suka tarar.

Sai dai noman yau ba na jiya ba ne. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota, kuɗin niƙa, kuɗin huɗa da maganin feshi duk suka bi sahu. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta kai wajen kashi 40 cikin 100. Wani zai ce ai manomi ne ya ci riba. Wanda ya iya ajiye amfaninsa ya ci. Wanda bashi ya sa ya sayar tun a gona, sannan ya dawo yana awon kwano a kasuwa da bazara, shi ya san abin da ya gani. Da farashin hatsi ya karye a 2025 alhali taki bai sauko ba, sai kukan ya canja salo kawai.

Ga kuma tsoro. A watan Oktoban 2021 'yan bindiga suka afka wa masallacin Mazakuka, cikin Ƙaramar Hukumar Mashegu, ana sallar asuba, suka kashe kimanin mutum 18. A watan Mayun 2021 aka kwashe yara fiye da 130 daga Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina, suka yi kusan wata uku a daji, iyayensu na sayar da filaye da kayan ɗaki don haɗa kuɗin fansa. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliya ta auka wa Mokwa, maƙwabciyar Zugurma, ta ci rayuka sama da 150.

Bayan kowane irin wannan bala'i ana kawo shinkafa da tabarmi, ana jajantawa, kuma hakan daidai ne. Amma mutumin da ya binne 'ya'yansa, ko ya bar gonarsa saboda tsoro ya koma raɓe a gidan wani, ana sa ran gobe da safe ya tashi ya nemo cefane kamar ba abin da ya faru.

An koya masa ya haɗiye

Tun yaro na ƙarami, in ya faɗi ya fashe da kuka, abin da zai fara ji shi ne, "Kai, ba ka san kai namiji ba ne?" Da wannan yake girma. Haƙuri da juriya da rufin asirin gida kyawawan ɗabi'u ne, su ne suka riƙe gidaje da yawa da in ba don su ba da sun watse. Matsalar ita ce an cakuɗa rufin asiri da rashin neman shawara, har magidanci ke ganin in ya ce "ban san yadda zan yi ba" ya tozarta kansa.

A duba yadda saurayi ke zama uba a wurinmu. In cikin fari ne, sau da yawa yarinya na tafiya goyon ciki gidan iyayenta. Can za ta haihu, can za a yi wankan jego da kunun kanwa, sai an yi arba'in ko fiye ta dawo. A kewaye da ita akwai uwa, goggo, inna, ungozoma, maƙwabta, kowace na nuna mata yadda ake riƙe jariri da yadda ake gane kukan yunwa. Shi kuwa angon ƙarni, abin da za a lissafa masa shi ne itacen wanka, kayan ƙauri, ragon suna da goro. Ga kunyar ɗan fari, wadda a gidaje da yawa ke hana uba kiran sunan ɗansa ko ɗaukarsa a gaban mutane. Watannin da ya kamata ya fara sanin ɗansa sai su wuce yana daga waje.

A da akwai abin da ke cike wannan gurbi. Tsarin gandu ya sa ɗa ko ya yi aure yana nan ƙarƙashin mahaifinsa, gona ɗaya, rumbu ɗaya, ga baffanni a kusa. Yana ganin yadda ake sasanta rikici, yadda ake tsawata wa yaro, yadda ake raba hatsi ya kai wata kaka. Gandu ya yi rauni. Samari na ware tukunya da wuri, wasu sun baro garuruwansu sun zo noma inda ba su da baffa ko kawu. Nauyin ya ƙaru, masu nuna hanya sun ragu.

Izni na hannunsa, sanin na wani wuri

Wannan shiru ba maigida kaɗai yake cutarwa ba. Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin matan aure a Najeriya ba su da ta cewa kan neman lafiyarsu, miji ne ke yankewa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya kuma sun nuna cewa a cikin matan da ke mutuwa a duniya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Najeriya ne.

Masana lafiyar mata sun daɗe suna magana kan jinkiri uku da ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun laifin hukuma ne, kuma babba ne. Amma biyun farko a hannun maza suke. Miji ne zai ce a tafi, shi zai nemo mota da tsakar dare, shi zai fitar da kuɗi, shi zai nemo mai ba da jini. A yanki irin na Zugurma, inda in abu ya gagari ƙaramin asibiti sai an nufi Mokwa ko New Bussa ko Kontagora, awa guda da aka ɓata ana jiran gari ya waye na iya zama ita ce ajali.

Ga abin takaicin: duk bayanin da ake yi kan alamomin haɗari, a ɗakin awo ake yinsa, ga mata zalla. Ita aka gaya wa cewa kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi na iya zama share fagen jijjiga. Ita aka gaya wa kada a zubar da dakashi, kuma kada a ba jariri ruwa sai ya yi wata shida. Ta dawo gida da sanin, amma ba ita ke da iko ba. Mai ikon kuwa ba wanda ya taɓa zaunar da shi. Ba mamaki da binciken na 2018 ya samu cewa jariran da ake shayarwa da nono zalla ba su kai ɗaya cikin uku ba.

Abin da aka yi a Damagaram

Misalin da ya fi kusa da mu daga Jamhuriyar Nijar ya fito, cikin Hausawa 'yan'uwanmu. A 2007 Asusun Kula da Yawan Al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa aka binciki abin da ke hana matan jihar Damagaram zuwa asibiti. Amsar da ta fi fitowa ita ce halin mazaje da ikonsu. Maimakon a tsaya zarginsu, sai aka ce to a zauna da su. Haka aka buɗe makarantun magidanta guda 11 na gwaji. Cikin 'yan shekaru suka haura 130 a jihar kaɗai, daga baya suka bazu sauran jihohin Nijar, har ƙasashe irin su Burkina Faso, Mali da Senegal suka ɗauka.

Sunan makaranta ne, amma ba allo ba malami. Mutum takwas zuwa goma sha biyu ne, suna haɗuwa wajen sau biyu a wata, ba shugaba ba na baya. Kafin a karɓi mutum sai ya kasance mai aure, ya kai shekara 25, jama'a sun shaide shi da kirki, kuma matarsa na zuwa asibiti. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan abin, domin ba a son mai wa'azin abin da ba ya yi a gidansa. In sun zauna, sai su ɗauko matsala guda da ke damun garin, misali mata sun daina zuwa awo, su bi diddigin dalili, su raba aiki. In abin ya fi ƙarfin saninsu, su gayyato ungozomar asibiti ko malamin addini.

Daga zaman hira sai abin ya zama aiki. A garuruwa da dama magidantan sun haƙa masai a asibiti, sun gina wa ungozoma ɗakin kwana don kada a neme ta da dare a rasa. Asibitocin yankunan sun ba da rahoton ƙaruwar masu zuwa awo da masu haihuwa a hannun ma'aikata. Sarakuna da malamai sun mara wa abin baya, kuma wannan ya cire masa kamannin baƙon abu.

Dalilin nasarar ba ɓoyayye ba ne. Magidanci zai iya jin jami'ar lafiya ta yi bayani ya ce aikinta take yi, albashi ake biyanta. Amma in abokinsa da suke sahu ɗaya a masallaci ya ce masa, "Wallahi ni na kai tawa, kuma da ban kai ta ba da yanzu wani zancen ake," wannan magana tana shiga.

Daga Jigawa zuwa Ruwanda

A arewacin Najeriya ma an taɓa makamancin haka. Shirin PRRINN-MNCH, wanda ya yi aiki a Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara, ya zaunar da maza a ƙauyuka aka fito da dabaru masu sauƙi: asusun gaggawa na gari, jerin mutanen da suka yarda su ba da jini, direbobin tasha da suka ɗauki alkawarin kai mai naƙuda asibiti kowane lokaci. Akwai kuma iznin dindindin, wato miji ya faɗa a gaban shaidu cewa ko ba ya nan, in matarsa ko ɗansa na cikin haɗari a tafi da su ba sai an jira shi ba. A garin da maza ke kwana a gona ko su tafi ci-rani, wannan kalma guda ta ceci rayuka. A 'yan shekarun nan kuma, a ƙananan hukumomin Misau da Ningi na Jihar Bauchi, UNICEF da hukumomin lafiya sun kafa ƙungiyoyin iyaye maza da ke bi gida-gida suna shawo kan 'yan'uwansu magidanta su bari a yi wa yara rigakafi.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Ruwanda. A wani shiri mai suna Bandebereho, an riƙa tara iyaye maza masu ƙananan yara ko masu jiran haihuwa, zama 15, wasu zaman tare da matansu. An bi ma'aurata kusan 1,200, rabi sun shiga, rabi ba su shiga ba. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa a gidajen da ba su shiga ba, fiye da rabin matan sun ce mazansu sun ɗaga musu hannu cikin shekarar da ta gabata, a gidajen da suka shiga kuwa kimanin ɗaya cikin uku ne. Dukan yara ya ragu, zuwa awo ya ƙaru. Da aka koma bayan shekara shida, an tarar yawancin canjin na nan. Ɗaya cikin uku ma ya yi yawa, amma tazarar ba ƙarama ba ce.

Shi ma uban mutum ne

A nan ne nake ganin yawancin waɗannan shirye-shirye suka tsaya a rabin hanya. Suna zuwa wurin maigida ne don shi ke riƙe da izni. Ana son ya bar matarsa ta je awo, ya bari a ɗiga wa ɗansa maganin shan inna. Da zarar ya yarda, an gama da shi. Ba a cika tambayar yadda shi kansa yake ba.

Alhali akwai abin tambaya. Wani babban nazari da aka wallafa a 2010, wanda ya tattara bincike fiye da 40 daga ƙasashe daban-daban, ya gano cewa kimanin uba ɗaya cikin goma na shiga ciwon damuwa tsakanin ɗaukar ciki da shekarar farko ta haihuwa, kuma abin ya fi tsanani daga wata uku zuwa shida bayan haihuwa. A namiji, damuwa ba ta cika zuwa da hawaye ba. Tana zuwa da saurin fushi, da ƙin zaman gida, da rashin barci, da tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba. Mu kuma sai mu ce wane ya cika zafin rai. Saki nawa aka yi da asalinsa ba ƙiyayya ba ce, mutum ne kawai abin duniya ya ishe shi bai sami wanda zai gaya wa ba?

Ga hawan jini, wanda ke damun kusan ɗaya cikin uku na manyan mutane a ƙasar nan, da yawa ba su ma san suna da shi ba. Mace ko ba komai ana auna ta ranar awo. Namiji kuwa sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gona.

In an ce a je wurin likita, ina likitan? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma a manyan birane suke. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Hutun haihuwa na kwana 14 da gwamnatin tarayya ta amince wa maza a 2021 na ma'aikatanta ne, bai san da manomi ko ɗan acaɓa ba. Abin da magidancin Zugurma zai iya samu a kusa, yau, ba tare da ya biya ko kwabo ba, shi ne wani magidanci da ya taɓa shiga irin halin da yake ciki.

Majalisar iyaye ba asibiti ba ce, ba ta warkar da ciwon da ke buƙatar magani. Amma tana iya sa mutum ya gane ba shi kaɗai ba ne. Tana iya lura cewa wane ya daina fitowa, a je a duba shi. Tana iya raka wanda abin ya yi wa nauyi zuwa inda za a taimake shi. A Ostireliya, tun shekarun 1990 aka fara buɗe wa maza rumfunan aikin hannu, yau sun haura dubu, saboda an lura namiji ya fi sakin baki in hannunsa na kan aiki. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san haka.

Sai batun samari, wanda shi ne ya fi hana iyaye da yawa barci. Binciken ƙasa na 2018 kan shaye-shaye ya ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 14 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Uban da ya gane ɗansa ya fara, yawanci abu biyu ya sani: duka ko kora. Kuma yana ɓoyewa don kada a ce ya kasa tarbiyya. Alhali maƙwabcinsa na fama da irin wannan, 'ya'yan nasu ma tare suke yawo, wurin mutum ɗaya suke saye. Iyaye biyar da suka haɗa kai za su iya tunkarar mai sayarwar, su kai magana gaban hakimi, su nemo wa yaran sana'a. Uba ɗaya ba zai iya ba.

Masu ja da baya

Ba kowa ne zai yi maraba da wannan ba, kuma dalilansu ba na banza ba ne.

Dattawa da yawa za su ce tonon asiri ne. Wanda ya faɗi sirrin gidansa da dare, da safe zai ji shi a kasuwa. Wannan tsoro gaskiya ne, musamman a ƙaramin gari da kowa ya san kowa. Majalisar da ba ta da amana ta fi rashinta illa, domin wanda aka tona sau ɗaya ba zai sake buɗe baki ba har abada. Akwai kuma iyaka da addini ya gindaya kan abin da ke tsakanin miji da mata, wanda ba a fitar da shi ko ga aboki. Neman shawara daban, yaɗa sirrin shimfiɗa daban.

Wasu kuma za su ce ƙayyade iyali ne aka canja wa riga. Wannan zargi na da tushe a tarihi. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, sun bar tabo da bai gama warkewa ba. Shi ya sa duk abin da ya zo cikin farar mota da takardun cikewa ake masa kallon tsanaki. Maganin wannan shi ne abin ya zama na gari, liman na ciki, kowa na jin abin da ake faɗa. Ciyarwa da tufatarwa da tarbiyya ai tun asali addini a wuyan uba ya ɗora su.

Daga ɓangaren mata ma akwai ƙorafi, kuma ya cancanci a saurara. Masu fafutukar haƙƙin mata na cewa in aka ƙara wa miji sani ba tare da an taɓa yadda ake yanke shawara a gida ba, ikonsa kawai aka ƙarfafa: jiya ya hana, yau ya umarta, ita dai ba a tambaye ta ba. Wannan ne ya sa tsarin Ruwanda ya haɗa ma'aurata a wasu zaman. A wurinmu zama a cakuɗe ba zai karɓu a ko'ina ba, amma ana iya auna majalisa da abin da matan membobinta ke faɗa. In shekara ta zagayo uwargida ba ta ga canji a tsakar gida ba, to hira kawai aka sha.

Babbar barazanar kuwa ita ce alawus. Mun sha gani: ƙungiya ta zo da riguna da huluna da kuɗin zama, mutane su cika wuri, ranar da shirin ya ƙare kowa ya kama gabansa. In 'yan siyasa suka shigo kuma, sai majalisar ta koma ta jam'iyya.

Yadda za ta zauna a Zugurma

Ba sai an jira kowa ba. Wurin zama akwai, mutanen akwai, lokacin ma akwai, musamman da rani bayan an kai amfani gida. Abin da za a ƙara shi ne niyya da ƙa'ida. Mutum goma zuwa goma sha biyu, kada su wuce haka, don in an yi yawa masu baki ne za su cinye zaman. A cakuɗa sabon ango da mai 'ya'ya goma, amma a kula kada a haɗa mutum da surukinsa ko mahaifinsa, domin kunya za ta rufe bakin duka biyun. A yi alkawari tun ranar farko, da fatiha, cewa abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan.

Al'adar adashi na iya zama asusun gaggawa: ɗan abin da kowa zai iya, a hannun amintacce, ba a taɓa shi sai don asibiti. A rubuta lambobin direbobi biyu ko uku da suka yarda a tashe su da dare. Kowa ya je a gwada rukunin jininsa tun ana zaune lafiya. Kowa ya furta iznin dindindin a gaban 'yan'uwansa, ya kuma je ya faɗa a gida, har mahaifiyarsa ta ji, domin a gidaje da yawa ita ce ke cewa a dakata tukuna.

Akwai waɗanda za a iya mantawa da su in ba a kula ba: makiyayan da ke rugage a gefen gari, mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu, da mutumin da matarsa ta rasu wajen haihuwa ta bar masa jariri da yayyensa. Irin waɗannan ba za su kawo kansu ba, sai an je an kira su.

Daga hukuma kuwa, abin da ake buƙata kaɗan ne. Kwamitin raya mazaɓa da ke kula da ƙaramin asibiti ya san da zaman majalisar. Ƙaramar Hukumar Mashegu ta ba ma'aikacin lafiya guda man babur ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata, da na'urar awon jini a jakarsa, ya amsa tambayoyi, ya auna duk wanda ke wurin, wanda nasa ya hau ya rubuta masa takardar zuwa asibiti.